Sharhi a kan katifar iska ta masu doguwar jinya

Mun sayi wannan katifa ne bisa shawarar ma'aikaciyar jinya a ranar da aka sallami mahaifiyata daga asibiti, bayan hawan jini ya jawo mata shanyewar ɓarin jiki na dama. Ma'aikaciyar ta gargaɗe mu cewa wanda ba ya iya juya kansa a kan gado yana cikin haɗarin gyambon kwanciya, domin nauyin jiki yana danne fata a kan ƙashi har jini ya daina isa wurin, musamman a ƙugu da kwankwaso da duga-dugai da kafaɗu. Irin da muka samu ita ce mai ƙulle-ƙulle, wato ƙananan aljifan iska jeri-jeri, wadda ake shimfiɗawa a kan katifar gado, da ɗan inji da ake rataye wa a wajen ƙafa, da bututun roba biyu. Injin yana hura jeri ɗaya na ƙullen yana sassauta ɗaya, sannan bayan 'yan mintuna ya sauya, ta yadda babu wurin da zai daɗe a danne.

A kan aikin da aka yi ta dominsa, na gamsu. Inna ta shafe watannin farko kusan kullum a kwance, amma fatar bayanta ba ta fashe ba. Sai dai ba zan jingina wa katifar wannan ita kaɗai ba, saboda ba mu fasa juya Inna duk bayan awa 2 ba kamar yadda aka umarce mu, dare da rana, muna kuma duba jikinta a lokacin wanka. An koya mana cewa jan tabo ko duhun da bai washe ba idan an danna shi da yatsa shi ne alamar farko. Duga-dugai kuwa katifar ba ta kare su yadda ya kamata, dole sai mun sa matashi a ƙarƙashin ƙwaurinta domin su ɗaga daga shimfiɗa.

Babbar matsalarta ita ce wuta. Da zarar an ɗauke, iska takan fara sacewa a hankali har mara lafiya ya koma kan katifar ƙasa, kuma hakan ya fi faruwa da tsakar dare lokacin da kowa ya gaji. Injin ba ya cin wuta sosai, ƙaramar sola da batir sun riƙe mana shi, amma wanda zai saya ya sa wannan kuɗin a lissafinsa tun farko, domin masu shago ba kasafai suke ambatonsa ba. Robar kuma tana tara zafi. A bazarar Kano, daga Maris zuwa Mayu, gumi yakan jiƙa bayan mutum, danshi kuwa yana saurin lalata fata, don haka muka koma zanin gado na auduga marar kauri, muna sauya shi da zarar ya jiƙe. Shimfiɗa bargo mai kauri a kai yana kashe amfanin katifar.

Abin da ya fi ba mu wuya shi ne shawo kan Inna ta karɓe ta. Dama dawowarta gidana ta yi mata nauyi, saboda kunyar zama a gidan suruki, ga kuma kewar ɗakinta da maƙwabtanta. Sai ga shimfiɗa mai motsi a ƙarƙashinta da inji mai ƙugi duk dare. Takan ce mini, "Ke dai ki mayar da ni kan tabarmata." Sai da yayana ya zauna ya yi mata bayani a natse, muka kuma ɗora injin a kan tawul domin rage ƙarar, sannan ta saba.

Katifar ta taɓa hujewa, amma facin da gam ɗin da ke cikin kwalin sun wadatar. Yanzu da likitan motsa jiki ya kai Inna ga zama a kujera da yin salla a zaune, da dare kawai muke kunna ta. Ga wanda majinyacinsa yake da jiki sosai, ko gyambon ya riga ya fito, shawarata ita ce ya tuntuɓi ma'aikacin jinya game da irin mai manyan bututu, wadda ta fi tsada amma ta fi ɗaukar nauyi, kuma ana iya sauya bututun da ya lalace ba tare da sayen sabuwa ba.