Shirin WPA ko Dokar Wagner: wanne ya fi amfanar ma'aikaci?

A 1933, kusan ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan Amurka ba shi da aikin yi. A 1935 gwamnatin Shugaba Roosevelt ta ɓullo da hanyoyi biyu.

Shirin WPA, wato shirin gwamnati na sama wa marasa aiki aikin yi, ya ɗauki mutum wajen miliyan 8.5 aiki kafin a rufe shi a 1943. Sun shimfiɗa tituna, sun gina makarantu da gadoji. Magidanci ya koma gida da albashin guminsa, mutuncinsa bai zube ba. Sai dai da aka rage kasafi a 1937, rashin aiki ya sake ta'azzara.

Dokar Wagner kuwa ko sisi ba ta raba ba. Ta ba ma'aikaci 'yancin shiga ƙungiyar ƙwadago, ta hana ubangidansa korarsa saboda haka. Ni na fi ba ta nauyi, don har yau tana aiki. Abin takaicin, ta tsame ma'aikatan gona da 'yan aikatau, waɗanda da yawansu baƙar fata ne.