Lambar tes, manhaja ko tokin: wanne ya fi wa mai biya da kati?

Hajiya, barka da war haka. Na ga tambayarki tun da safe. Kin ce sau uku a mako ɗaya kina ƙoƙarin biyan kuɗin mayafai da kati a intanet: sau biyu lambar OTP, wato lambar amfani sau ɗaya da banki ke turowa ta tes, ba ta shigo ba sai da shafin ya rufe, na ukun kuma kin sa lambar, alat ya shigo, amma mai kaya ya ce bai ga kuɗi ba. Kina so ki san ko ana iya kashe wannan mataki ɗungurungum, in kuma ba a iya ba, wanne ya fi tsakanin lambar tes da manhajar banki da 'yar na'urar nan ta tokin. Duka ukun na yi aiki da su, kuma na san zafin abin da ya same ki.

Batun kashewa dai, ko da ana yi ba zan ba ki shawararsa ba. Ki dubi katinki: doguwar lamba a gaba, watan da zai daina aiki, sai lambobi 3 a baya. Duk wanda kika miƙa wa katin a rumfar POS, daƙiƙa biyu sun ishe shi ya ɗauki hotonsa ciki da bai. Wannan ƙarin matakin ne kaɗai ke tsakaninsa da jarinki. Sunan tsarin 3-D Secure, kamfanin Visa ne ya fara da shi a 2001, Mastercard ya biyo baya da nasa. Shafin da ke neman lambar ba na mai shago ba ne, daga bankinki yake fitowa, don haka kada ki ga laifin mai mayafan. Shi ma yana da dalilin son abin: in aka tantance ciniki ta wannan hanya sannan ya zamana zamba ce, galibi alhakin yana komawa kan bankin da ya ba da katin, ba kansa ba. Kuma ba mu kaɗai ake wahalarwa ba. Indiya ta wajabta shi tun 2009, Tarayyar Turai kuma a Satumban 2019.

To, lambar tes. Amfaninta a fili yake: kowace irin waya tana karɓa, ko 'yar rakani-kashi ce, ba ruwanta da data, ba ki sayi komai ba. Amma saƙon sai ya ratsa ta hannun banki, da kamfanin da ke tura masa saƙonni, da kamfanin layinki, sannan ya iso. Ko'ina aka samu cunkoso, ke za ki sha jira, lambar kuwa ranta 'yan mintuna ne. Akwai wani tarko da ya daɗe yana cin mutane, ni ma ya ci ni ba sau ɗaya ba: in ta yi jinkiri sai mutum ya danna a sake turowa, alhali sabuwar tana kashe tsohuwar. Sai tsohuwar ta shigo, ka rubuta ta, a ce ba daidai ba. Ka maimaita sau biyu ko uku, a rufe maka katin, gobe kana layi a banki.

Abin da ya fi wannan damuna shi ne duk tsaron ya rataya a kan sim. Mutanen Zamfara ba za su manta da Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse sadarwa a jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya abin ya shafi wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Wanda aka toshe wa layi kan batun NIN ma ya ɗanɗana. Ga mai tafiya Umara ko Dubai da ya cire sim ɗin gida ya sa na can. Ga ɓarawon da zai yi wa layinka welkam bak, wato ya karɓi sabon sim mai lambarka, da takardun bogi, lambobin su koma zuwa wayarsa. Ga layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, kamfani ya sake sayar wa wani, alhali har yanzu shi ke jikin asusu da BVN. Kuma lambar tes ce aka fi karɓewa da baki: a kira ka da murya mai daɗi, a ce daga banki ne, za a gyara maka BVN, karanto lambar da ta shigo yanzu. Ba banza ba manyan bankunan Singafo suka sanar a Yulin 2024 cewa za su daina amfani da OTP wajen shiga asusu ga masu tokin na cikin manhajar waya.

Manhaja ta fi lambar tes a wurare biyu. Ba ta jiran saƙo, ko wayifai na otal kika samu ya wadatar, sannan in irin mai neman amincewa ce, tana nuna miki nawa za a cire da kuma wa za a biya kafin ki sa yatsa. Matsalarta waya ce. Sai babbar waya, sai caji, kuma ranar da aka ƙwace ta ko kika sake sabuwa, sai kin sake rajista, wani lokacin har sai kin taka zuwa reshe.

Tokin kuwa shi na fi natsuwa da shi, ba zan ɓoye ba. 'Yar aba ce kamar maƙalin makulli, ki danna ta ba ki lamba nan take, ba sim, ba data, ba sabis, domin a cikinta ake haɗa lambar. Wanda ke nesa ba shi da hanyar satarta, sai dai in ke kika karanta masa ko kika rubuta ta a shafin bogi. Sai dai saye ake yi, tana ɓata, batirinta na ƙarewa bayan wasu shekaru, kuma ba kowane banki ne ke karɓar lambarta a shafin biyan kati ba, wasu don tiransifa kawai suka tanade ta. Wannan ita ce tambayar da za ki fara yi musu kafin ki biya ko sisi.

Da a ce mahaifiyata ce, mai sayen abu sau ɗaya a wata da ƙaramar waya, sai in ce ta zauna kan tes, a dai sa wa sim ɗin lambar sirri. Ke kuwa mai oda kowane mako, kuma kina tafiye-tafiye, ki koma manhaja, ki riƙe tokin a jaka in bankinki na karɓa. Kafin nan, in shafin biya na Paystack ne ko Flutterwave, kamfanonin da ke karɓar wa masu shago kuɗi a intanet, duba da kyau, sau da yawa akwai zaɓin tiransifa ko USSD, sai ki kauce wa katin a ranar da sabis ke wasa.

Kuɗin da aka cire kuma, kada ki sake biya tukuna. Ki ɗauki hoton alat ɗin da kwanan wata da lambar cinikin, ki kai ƙorafi a rubuce, ki ce su ba ki lambar ƙorafin. In bankin ya yi ta ja miki rai, Babban Bankin Najeriya yana da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna, kuma wannan lambar ce za su fara tambayarki.