Gwajin alajin abinci a wani asibitin yara a Kano: abin da ya gamsar da ni da abin da ya rage

Ɗana yana da shekara huɗu lokacin da muka fara lura cewa wani abu da yake ci ba ya karɓarsa. Sau uku a cikin wata biyu jikinsa ya yi borin jini, fatar ta tashi rudu-rudu da ƙaiƙayi mai tsanani, kuma a karo na uku leɓensa na sama ya kumbura, ya yi amai, muryarsa ta dishe. Kakarsa ta ce zafi ne, mai kemis ɗin unguwarmu ya ba mu Piriton, maganin ƙaiƙayi da borin jini, kumburin ya sauka, amma babu wanda ya iya gaya mana dalili. Wannan ne ya kai ni wani asibitin kuɗi mai sashen yara da ke yin gwajin alaji, wato boren da garkuwar jiki ke yi wa wani abinci ko wani abu, kuma a kan aikinsu nake wannan rubutu.

Abin da ya fi burge ni shi ne likitar ba ta yi gaggawar gwaji ba. Ta ɗauki lokaci tana tambaya: me yaron ya ci, minti nawa tsakanin cin da fitowar ƙurajen, ko numfashinsa ya sarƙe, ko akwai mai asma a gidan. Ta bayyana cewa irin alajin da ke da haɗari yakan bayyana ne daga 'yan mintuna zuwa awa biyu bayan cin abincin, kuma ya bambanta da kumburin ciki da gudawar da wasu ke yi idan sun sha madara, wanda matsalar narkar da sukarin madara ce, ba ta garkuwar jiki ba. Da na ce ba na zargin gyada domin ranar da leɓen ya kumbura tsire kawai ya ci, sai ta ce: "Malam, yajin tsiren da me ake haɗa shi?" Nan take na tuna cewa ƙuli-ƙuli ake dakawa a ciki. Haka kilishi, wanda ake tsoma shi cikin labun gyada, kuma shi ne ya ci a karo na biyu. Na farkon kuwa miyar taushe ce a gidan suna.

Ta umarce mu da mu buɗe littafi, mu riƙa rubuta duk abin da ya shiga bakinsa da lokacin da ya ci da abin da ya biyo baya. A ganina wannan littafin ya yi rabin aikin, domin a girkinmu gyada tana ɓuya a wurare da yawa: kunu, miya, alewa, yaji, da man gyadar gida wanda ba a tace shi sosai ba.

Gwajin kansa bai kai abin tsoron da na zata ba. Ma'aikaciyar jinya ta yi alamomi da biro a fatar hannun yaron, ta ɗiga ruwan gwajin gyada, ƙwai, madara, alkama, waken suya, kifi da riɗi, sannan ta tsikari kowane ɗigo da ɗan ƙaramin tsinke ba tare da jini ya fita ba. Akwai ƙarin ɗigo biyu na tantancewa: ruwan gishiri wanda bai kamata ya tashi ba, da histamin, sinadarin da ke jawo ƙaiƙayi da kumburi, wanda dole ya tashi idan fatar tana amsawa. Bayan minti 15 ta auna kumburin da rula. Ƙa'idar ita ce idan ya fi na ruwan gishiri da milimita 3 ko sama, to an samu alama. Wurin gyada ya tashi sosai kamar cizon babban sauro, wurin ƙwai kuma ya ɗan tashi.

A nan ne na ƙara yarda da likitar. Ba ta hana shi ƙwai ba, domin yana cin wainar ƙwai kusan kullum lafiya lau, ta kuma ce tashin fata kaɗai ba ya tabbatar da alaji sai ya dace da tarihin yaron. Inda ake kokwanto, ana ba yaro abincin kaɗan-kaɗan a gaban likita da kayan ceto a kusa, ba a gida ba. Ta kuma gargaɗe ni game da gwajin jini mai auna wani sinadarin garkuwar jiki da ake kira IgG, da ake tallatawa a intanet da sunan gano abincin da jiki ba ya so, wanda ƙungiyoyin likitocin alaji ba su amince da shi ba. Gwajin jinin da ake amfani da shi shi ne na IgE, sinadarin garkuwar jiki da ke da alaƙa da irin wannan alajin.

Akwai gazawa biyu da ba zan ɓoye ba. Ta farko, lokacin da na kira don neman rana babu wanda ya gaya mini cewa dole a dakatar da Piriton da makamantansa kwanaki kafin gwajin, domin suna danne tashin fata. Mun je, aka mayar da mu, muka yi asarar yini da kuɗin mota. Ta biyun ta fi damuna. Likitar ta nanata cewa idan numfashi ya sarƙe, ko maƙogwaro ya kumbura, ko yaro ya yi laushi zai suma, Piriton ba ya ceto, allurar adirenalin a cinya ake buƙata nan take sannan a garzaya asibiti. Amma kantin maganinsu ba shi da allurar da iyaye ke iya yi da kansu irin EpiPen, sai da muka yi cigiya a wasu wurare. Takardar matakan gaggawa da suka ba mu ma da Turanci kawai take, alhali kakarsa da ke yini da shi ba ta karanta boko, don haka ni na zauna na fassara mata da baki.

Duk da haka, zan shawarci duk iyayen da ɗansu ke yawan borin jini ko kumburi bayan cin abinci da su nemi irin wannan sashe, su tafi da littafinsu a hannu, su kuma tambayi batun dakatar da magani tun a waya. Likitar ta ce yara da yawa kan rabu da alajin ƙwai da madara idan sun girma, amma na gyada yakan daɗe, saboda haka ta ba mu ranar komawa bayan shekara guda domin a sake dubawa.