Saƙon da ya makara: yadda XMPP da IRC ke sa masa alama

Malam, ka ce tsakanin Daura da Katsina sabis ya ɗauke maka, da ya dawo saƙonni suka zubo lokaci guda, kana tambayar ta yaya waya ke bambance na hantsi da na yanzu. Abin ya danganta da ƙa'idar da aka gina manhajar a kai. Ga biyu daga cikin waɗanda bayaninsu yake a fili.

XMPP, wadda Jeremie Miller ya fito da ita a 1999 da sunan Jabber, tun asali ta san mutum na iya sauka daga layi. Sabar, wato babbar kwamfutar da saƙonni ke bi ta cikinta, ita ce ke riƙe maka saƙon. Da ka dawo, sai ta miƙo shi da ɗan hatimi mai ɗauke da lokacin saƙon na asali, da adireshin wanda ya riƙe shi, wani sa'in har da dalilin jinkirin. Takardar wannan tsari ita ce XEP-0203, ita ta gaji XEP-0091. Da agogon UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, ake rubuta lokacin, wayarka ce ke ƙara awa ɗaya ya zama namu na Najeriya. Saƙon da ya iso nan take ba ya ɗauke da hatimin, don haka ganinsa kaɗai ya isa shaida cewa an samu jinkiri. Shi ake sa wa tsofaffin hirarraki da ake nuna maka idan ka shiga zaure, kada wayarka ta yi ta ƙara kan maganar jiya.

IRC kuwa, da Jarkko Oikarinen ya ƙirƙira a Finland a 1988, kamar hirar dandali ce: ba ka nan, ta wuce ka. Ba ajiya, ba lokaci a jikin saƙo. Mutane suka koma ga manhajoji irin ZNC masu zama a madadinsu su maimaita musu hirar, lokacin ma a cikin rubutun ake cusa shi. Daga baya IRCv3, wato sabunta ƙa'idar IRC da aka yi, ta kawo wani tsari mai suna server-time, wanda sai manhajarka ta nema za a riƙa manna mata lokaci a gaban layi. Amma ba ya cewa "wannan ya makara", manhajar ce za ta gwada da agogonta ta gane. Matrix, wata ƙa'idar hira ta 2014, ita ma kowane saƙo take buga wa lokaci.

Ni dai na XMPP ya fi kwanta mini, saboda yana nuna inda saƙon ya tsaya. Sai dai a XMPP da IRC duka maganar sabar ce ake gaskatawa. Idan agogonta ya karkace, hatimin ma ya karkace. Kuma idan a wayar mai turawa saƙon ya maƙale, sabar ba ta san da shi ba sai sa'ad da ya iso mata.

WhatsApp, wadda nake zaton ita kake nufi, daga XMPP ta samo tushe amma ta sauya ta ta rufe. Alamar maki (✓) ɗaya a gefen saƙo tana nufin saƙo ya bar wayar mai turawa, biyu ya shiga taka. Wanda bai isa ba kwana 30 WhatsApp ke riƙe shi, sannan ta goge. Shi ya sa a 2021, da aka rufe layukan waya fiye da wata guda a wasu ƙananan hukumomin jihar Katsina, wanda bai fita neman sabis a wani gari ba, saƙonnin farkon rufewar ba za su taɓa iso masa ba.