Gocewar kafaɗar soja: gashin ƙashi ko tiyata?

Ɗan'uwa, ka ce ƙaninka soja ne ɗan shekara 23, kafaɗarsa ta goce sau uku, wani likita ya ce ya ci gaba da gashin ƙashi, wani kuma ya ce sai tiyata. Kana son sanin wanne ya fi.

Kan ƙashin damtse dunƙule ne, mazauninsa kuwa ba shi da zurfi, kamar ƙwai a kan cokalin shayi. Abin da ke riƙe da shi guringuntsi ne da ya kewaye bakin mazaunin, sai jijiyoyi da tsokoki. Gocewar farko, wadda galibi ƙashin ta wajen gaba yake fita, takan ɓalle guringuntsin nan daga ƙashi, kuma sau da yawa ba ya komawa ya manne inda yake. Soja kuwa hannunsa ba ya hutawa: hawan igiya, tsallake katanga, dambe a wurin horo, faɗuwa da kaya a baya. Binciken da aka buga a 2009 kan sojojin Amurka ya samu gocewa 1.69 a cikin kowane mutum 1,000 a shekara, kusan ninki bakwai na sauran jama'ar ƙasar.

Gashin ƙashi yana ƙarfafa tsokokin da ke kewaye da gaɓar, babu yanka, babu allurar barci, cikin 'yan makonni mutum ya koma aiki. Yana yi wa wanda ya manyanta amfani, da wanda gaɓoɓinsa dama sakwa-sakwa ne tun haihuwa, kafaɗarsa na zamewa ta ko'ina ba tare da wani rauni ba. Irin wannan da atisaye ake fara masa. Sai dai atisaye ba ya ɗinke abin da ya yage. A makarantar horon hafsoshi ta West Point da ke Amurka an kwatanta hanyoyin biyu, aka buga sakamakon a 1994: cikin ɗalibai 15 da ba a yi wa tiyata ba, 12 kafaɗarsu ta sake kwancewa, cikin 21 da aka yi wa kuwa 3 ne kacal. Wani binciken na 2002 a kan sojoji ya samu sake gocewa kashi 75 cikin ɗari a ɓangaren marasa tiyata, kashi 11 a ɓangaren masu tiyata. Mutanen ba su da yawa, gaskiya ne, amma ka lura dukansu gocewar farko ce. Ƙaninka yana kan ta uku.

Tiyata ma tana da nata. Zai rataye hannu mako huɗu zuwa shida, cikakken aiki sai bayan wata huɗu zuwa shida, wani lokacin juya hannun waje yakan ɗan ragu. Kuma gashin ƙashin da ake ganin an tsallake yana nan yana jira bayan an sallame shi, idan ya yi wasa da shi aikin na iya lalacewa.

A ganina, ga matashin soja mai gocewa uku, tambayar ta riga ta koma wace irin tiyata. Guda biyu ne suka fi shahara. Aikin Bankart, mai sunan likitan Ingila da ya bayyana raunin a 1923, shi ne a mayar da guringuntsin a ɗaure shi a bakin ƙashi, yau galibi ta ƙananan huji da kyamara. Ya fi sauƙi, matsalolinsa kaɗan ne, amma sai bakin mazaunin yana nan lafiya yake riƙewa. Aikin Latarjet, na likitan Faransa tun 1954, ana yanko wani ɗan ƙashi ne daga allon kafaɗa tare da jijiyarsa a ɗaure shi da sukurori a gaban mazaunin. Ya fi hana sake gocewa ga wanda ƙashinsa ya cinye, amma haɗarinsa ya fi: taɓa jijiyar da ke motsa hannu, ƙin haɗewar ƙashin, ko sukurun ya dami mutum.

Abin da ke raba su shi ne yawan ƙashin da aka rasa, domin kowace gocewa tana gutsurar bakin mazaunin, tana kuma lotsa kan ƙashin damtse. A da sai asarar ta kai kashi 20 zuwa 25 ake cewa Bankart ba zai wadatar ba. Binciken 2015, shi ma a kan sojoji, ya nuna sakamako na fara lalacewa tun daga kashi 13.5. Wato jinkiri na iya raba shi da aikin mai sauƙi.

Ya je wurin likitan ƙashi da ya ƙware a kafaɗa, a yi masa hoton MRI don ganin guringuntsin, da na CT don auna ƙashin, ya tambayi kashi nawa ya tafi. Kafin nan ya sanar da likitan rundunarsa a sassauta masa aikin da ke ɗaga hannu sama da baya. Idan ta sake gocewa kada abokai su fizge masa ita, musamman in gefen damtsen ya yi sanyi ko ya daina ji.