Sharhi kan kundin darussan da ke koyar da sarrafa kuɗi ta hanyar aljabra

Na koyar da ɗaliban babbar sakandare da wani kundin darussa da aka tsara domin ya haɗa aljabra da harkar kuɗi ta yau da kullum, kuma tunda zangon karatun ya ƙare, na ga ya dace in rubuta abin da na gani domin malamai da iyayen da ke tunanin ɗaukar irinsa. Kundin ya ƙunshi littafin malami, da takardun aikin ɗalibai, da jadawalan da ake buɗewa a Excel ko Google Sheets. Babukansa sun bi ta kan kasafin kuɗi, ajiya, rance, haraji, inshora da ƙaramar sana'a. Hukuncina shi ne kundin yana da amfani ƙwarai, amma amfaninsa ya dogara ne a kan malamin da zai ƙi yarda ɗalibi ya karɓi ƙa'idar lissafi kafin ya ga yadda aka gina ta.

Buƙatar irin wannan darasi ba a ɓoye take ba. Binciken da kamfanin Standard & Poor's ya ɗauki nauyinsa a shekarar 2014, wanda aka yi a ƙasashe fiye da 140, ya nuna cewa kashi 33 cikin 100 ne kawai na manyan mutane a duniya suka fahimci tushen ilimin kuɗi. Tambayoyi uku da masanan tattalin arziki Annamaria Lusardi da Olivia Mitchell suka ƙirƙira a shekarar 2004, waɗanda ake auna wannan ilimi da su a ƙasashe da yawa, sun tsaya ne a kan kuɗin ruwa, hauhawar farashi da rarraba jari domin rage haɗarin asara. Biyu daga cikin ukun aljabra ce tsantsa. Haɗa wannan fanni da dukiya kuma ba sabon abu ba ne, domin littafin aljabra da Al-Khwarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820 ya ba da babban kaso ga matsalolin rabon gado da wasiyya, har da ciniki.

Babin da ya fi kowanne inganci shi ne na ruwa kan ruwa, wato inda kuɗin ruwan da aka samu ke komawa cikin uwar kuɗi shi ma ya haifar da nasa. Kundin bai fara da ƙa'ida ba. Yana sa ɗalibi ya ɗauki kuɗi 100,000 da ke ƙaruwa da kashi 8 cikin 100 a shekara, ya cike jadawali da hannunsa ta hanyoyi biyu. A shekarar farko hanyoyin biyu sun tashi a 108,000. A ta biyu, hanyar da ake lissafa ruwan a kan uwar kuɗi kaɗai ta ba da 116,000, ɗayar kuma 116,640, bambancin da babu ɗalibin da ya ga ya isa a tsaya a kansa. A shekara ta 10 sai aka ga 180,000 a gefe guda, 215,892 a ɗaya gefen, a shekara ta 30 kuwa 340,000 da kuma 1,006,266. Kafin su kai ƙarshen jadawalin, ɗaliban da kansu sun lura cewa abin da suke ta yi shi ne ninkawa da 1.08 a kai a kai, sai suka nemi gajeriyar hanyar rubuta shi, wadda ita ce ƙa'idar da ake son koya musu. A nan ne suka gane dalilin da ya sa adadin shekaru ke zama ƙaramar lamba a saman baka maimakon ya tsaya a layi ɗaya da sauran lambobi, kuma wannan ganewa, a wurina, ita ce ribar zangon karatun gaba ɗaya. Na haɗa darasin da Desmos, manhajar zanen lissafi ta kyauta da Eli Luberoff ya kafa a 2011, inda ɗalibi ke jan maɓalli ya canja kason ruwan ya ga layi ɗaya ya miƙe sambal, ɗayan kuma yana lanƙwasawa sama.

Daga nan kundin ya shiga ƙa'idar 72, wadda Luca Pacioli ya ambata tun a shekarar 1494: a raba 72 da kason ƙaruwa, sai a sami kimanin shekarun da kuɗi zai ninka sau biyu. A kashi 8, shekara 9 ke nan, kuma da aka yi lissafin da logaridim amsar ta fito 9.01. Na ji daɗin yadda aka yi amfani da wannan dama aka gabatar da logaridim a matsayin amsar tambayar "sai yaushe?", domin ɗalibai da yawa sun saba ganinsa a matsayin wahala marar dalili. Abin da ya fi ratsa su shi ne juya ƙa'idar a kan hauhawar farashi, inda suka ga cewa idan farashi yana tashi da kashi 12 cikin 100 a shekara, kuɗin da aka ɓoye ba a juya shi ba zai rasa rabin ƙarfin sayensa cikin kimanin shekara 6, alhali adadinsa bai ragu da ko ɗaya ba. Akwai kuma ɗan ƙarin darasi kan tambayar da Jacob Bernoulli ya yi a 1683 game da abin da zai faru idan ana tara ruwa ba tare da tsayawa ba. Kuɗi 1 mai ruwan kashi 100 cikin 100 a shekara yana zama 2 idan an tara sau ɗaya a shekara, 2.25 idan sau biyu ne, kimanin 2.61 idan kowane wata ne, kuma ba zai taɓa wuce 2.718 da 'yan kai ba. Darasi ne mai kyau, amma ga ajin da ke fama da tushe ana iya tsallake shi.

Babin rance shi ne na biyu a daraja, kuma shi ne nake fatan kowane matashi ya gani kafin ya sa hannu a wata takardar bashi. Misalin da muka yi aiki a kansa shi ne bashin 100,000 mai ruwan kashi 2 cikin 100 a wata. Abu na farko da ɗalibai suka gano shi ne kashi 2 a wata ba kashi 24 ba ne a shekara idan ruwan yana hawa kan ruwa, kashi 26.8 ne. Na biyu kuma ya fi nauyi. Wanda ke biyan 2,500 a wata, a watan farko 2,000 na tafiya ne a kan ruwa, 500 kacal ke rage ainihin bashin, kuma zai ɗauki wata 82 kafin ya fita, ya biya kimanin 203,000. Wanda ke biyan 4,000 zai gama cikin kimanin wata 35, ya biya wajen 140,000. Wanda ke biyan 2,000 kuwa ba zai taɓa fita ba, ko shekara nawa zai yi yana biya. Ƙa'idar ita kanta takan ƙi ba da amsa a wannan wuri, kuma da ɗalibai suka tambayi dalilin da ya sa na'urar lissafi ta nuna kuskure, bayanin ya zama shi ne darasin. A nan jadawalin kwamfuta ya fi zane amfani, domin ganin layi bayan layi yadda kason ruwa ke raguwa, na uwar kuɗi ke ƙaruwa, ya fi zama a zuciya.

Babin haraji gajere ne amma ya gyara wata mummunar fahimta da ta yaɗu har a cikin manya, wato cewa ƙarin albashi na iya jefa mutum cikin mataki na sama har abin da zai karɓa ya ragu. Da misalin tsarin da ke cire kashi 10 a kan 500,000 na farko da kashi 20 a kan abin da ya haura, mai samun 600,000 zai biya 70,000 ne, ba 120,000 ba. Babin ƙaramar sana'a ma ya yi daidai, inda ake neman mahaɗar layin kuɗin shiga da na kuɗin da aka kashe domin sanin yawan kayan da za a sayar kafin a fara cin riba. Na kasafin kuɗi kuwa tarawa da ɗebewa ne kawai aka yi wa ado da haruffa, ban ga aljabra ta ƙara masa komai ba.

Inda kundin ya gaza, ya gaza a wurare masu muhimmanci. Babin inshora da haɗarin asara ya yi sauri fiye da kima, ya ambaci matsakaicin asarar da ake tsammani ba tare da ya ba ɗalibi isasshen tushe a lissafin yiwuwa ba, sai tambaya ta uku ta Lusardi da Mitchell, ta rarraba jari, ta zauna kusan ba a taɓa ta ba. Sannan kusan kowane misali yana ɗaukar cewa mutum yana da albashi tsayayye da ke shigowa a ƙarshen wata, alhali mutane masu ɗimbin yawa a duniya samunsu yana hawa yana sauka ne, kuma tambayarsu ita ce nawa za su ware a watan yalwa domin ya riƙe su a watan ƙunci. Wannan tambaya ce da aljabra ke iya amsawa da kyau, kuma rashinta ya dame ni. Haka kuma kundin bai ce komai ba game da waɗanda ba sa mu'amala da kuɗin ruwa saboda addini, ga shi kuwa ciniki irin na murabaha, inda ake ɗora sananniyar riba a kan farashin kaya a biya kashi-kashi, misali ne mai kyau na layi miƙaƙƙe da za a kwatanta da mai lanƙwasa. Ni na ƙara wannan kwatanci da kaina, kuma ya buɗe tattaunawa mai amfani.

Abin da ya fi buƙatar hattara shi ne jadawalan da aka riga aka shirya. Suna da kyau a ido, amma ƙa'idojin suna ɓoye a cikin akwatunan, ta yadda ɗalibi zai iya zuba lambobi ya kwafi amsa ba tare da ya san abin da ya faru ba. Shawarata ga malami ita ce ya riƙe waɗannan jadawalai har sai kowane ɗalibi ya gina nasa daga farin shafi, ko da hakan zai ci darasi biyu maimakon ɗaya. Makarantar da ba ta da kwamfuta isassu za ta iya koyar da babukan ajiya, haraji da sana'a da takarda da na'urar lissafi ba tare da asara mai yawa ba, amma babin rance yana buƙatar jadawali, domin layi 82 da hannu zai kashe sha'awar kowa.

Tambayoyin jarrabawar da suka zo da kundin su ma suna buƙatar gyara, domin yawancinsu suna ba da lambobi ne su nemi amsa guda. Na maye gurbin wasu da tayin rance iri biyu, ɗaya mai ƙaramin biyan wata da dogon lokaci, ɗaya mai babban biya da gajeren lokaci, na nemi ɗalibi ya lissafa jimillar abin da za a biya a kowanne, ya zaɓi ɗaya, ya kuma rubuta dalilinsa a sakin layi guda. Wasu sun zaɓi mai tsadar da saninsu, suna masu cewa samun mutumin da ke cikin tambayar ba zai ɗauki babban biyan wata ba, kuma na ba su cikakken maki tunda sun nuna adadin da wannan zaɓi zai ci.