Gargaɗi ga masu haɗa kayan ɗaki: naira 240,000 na biya, aka kawo min kwali

Jama'a ku yi haƙuri da ni, yau sai na amayar da abin da ke cikina. Naira 240,000. Kuɗin adashina ne da na kwasa, na damƙa wa wani mai shagon katifa a nan Kano saboda kayan ɗakin 'yata, ashe kwali da tarkacen soso na saya. Ban kama sunansa ba don maganar tana gaban shugabannin layinsu, amma rasit yana hannuna, alat yana wayata, har saƙon muryarsa ban goge ba. Duk zan saka ku gani.

Kuma kada wanda ya ce min wai ban duba ba. Na duba. Ni ba yau na fara aurar da 'ya ba. Katifar da ya nuna min mai ƙafa shida-shida ce, inci 10, irin mai taurin nan ta masu ciwon baya. Na zauna a kai, na sa gwiwa na danna, na tashi ta dawo daidai nan take. Na kama gefe zan ɗaga, na ji nauyi. Ga tambarin babban kamfani a ɗinke a kusurwa. Ya kalle ni ya ce, "Hajiya, ke uwa ce a wajena, wallahi in ta lotsa kafin shekara 10 ki dawo min da ita." Uwa fa ya ce. Har ya sa yaronsa ya kawo min kujera da ruwan sanyi. To me kuma ake so mutum ya yi?

Surukar yarinyar ce ta kira ni. A'a, kafin nan ita yarinyar ta fara cewa bayanta yana ciwo, na ce mata sabon wuri ne, za ta saba. Ko wata biyu ba a rufa ba da biki. Sai ga kira daga uwar mijin, cikin ladabi, irin ladabin da ya fi zagi ciwo: "Hajiya, ko za a turo a duba katifar nan ta amarya? Kamar ta ɗan yi rami." Ƙasa ta tsage in shige. Ni da na tsaya ranar jere ina nuna wa dangin ango tambari.

Sai yanzu nake haɗa lissafin. Ranar da na tura kuɗin, 240,000 cif, bayan ya ce 260,000 ne ya rage min don albarkacin biki, sai ya ce wadda na gwada ta nuni ce, ta sha ƙura, zai ɗauko min sabuwa fil daga sito a cikin ledarta. "Hajiya ki je gida ki huta, mai kurkura zai kawo miki har ƙofa." Wace uwa ce za ta ƙi sabuwa a leda ta ce a ba ta mai ƙura? Kowa ya san ba a farke ledar katifar amarya kafin jere, wasu ma har bayan biki ba sa cirewa. Ya san da haka, a kan wannan ya gina cutarsa.

Da ƙanina ya farke ɗinkin gefe, soso mai kyau bai fi inci 2 ba a sama, haka ma a ƙasa. Tsakiya kuwa kwali ne a jere, da farin abin nan da ake samu a kwalin firji, da guntayen soso a zube ko manne su ba a yi ba. Kafintan da ya yi mana gado ne ya bayyana min cewa ita ma ta gaskiyar da guntayen soso ake yin cikinta, amma a masana'anta ake haɗa su da gam a matse da inji har su zama dunƙule ɗaya mai tauri. Ya ce ingancin soso a nauyinsa yake idan aka gwada da girmansa, wannan nauyin ne lambar soso take nunawa. Shida-shida mai inci 10, in soson mai lamba 30 ne, za ta kai wajen kilo 25, in mai lamba 18 ne kuwa da ƙyar ta wuce kilo 15. Wasu ma garin alli suke zubawa a haɗin don ya yi nauyin ƙarya, daga baya ya riƙa marmashewa. Tawa da hannu ɗaya ƙanina ya ja ta. Mai kurkura ne ya shigar da ita ɗaki, ni ban ɗaga ba, ina cikin hidimar baƙi.

Da na koma shagon, wai shi bai san wannan katifar ba, wataƙila a gidan amarya aka musanya. A gidan amarya! Mutumin da ya ce ni uwarsa ce. Na tambayi katin garanti, ya ce ai rasit ɗin shi ne garanti. Na duba rasit ɗin, "katifa 1" kawai ya rubuta, babu sunan kamfani, babu inci. Kamfanin kuma da muka tuntuɓa suka ce ba ya cikin dilolinsu, tambarin ma na jabu ne. 240,000. Na sake cin bashi na sayi wata don in rufa wa 'yata asiri.

In sulhun ya ƙi, hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC za mu je, da SON masu kula da ingancin kaya.

Ku dai ku saya wajen dilan da kamfani ya sani. Wadda kuka gwada ita za a ɗora a gabanku, ku bi ta har gida. A rubuta suna da inci a rasit, a ba ku katin garanti. Hoton cikin katifar yana wayar ƙanina, da ya turo zan saka tare da rasit ɗin da muryar.